Lawali Mai Ɗaukar Murya

Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Bodinga ya ji aikin Lawali, ko da bai san fuskarsa ba. Lasifikar nan da ke ɗaure a baron mai maganin ɓera, tana nanata abu ɗaya tun hantsi har kunne ya gaji, a ɗakinsa aka ɗauki muryar da ke cikinta. Haka ta mai man zafi, da ta mai atamfa, da sanarwar walimar sauka da ake yawo da ita a bayan babur. Sana'arsa ke nan: ka zo, ka buɗe baki, ya kama muryarka ya zuba maka a mimori, ka tafi ka huta da ihu. Shekarunsa arba'in da uku, siriri ne, mai yawan karkata kai gefe guda kamar kullum akwai abin da yake jira ya ji daga nesa. Kuma akwai ɗin.

A Kajiji aka haife shi, can ƙasar Shagari, shi ne ɗan farin Nana Hauwa. Ranar suna aka raɗa masa Muhammadu Lawali, tun daga ranar kuma uwarsa ta rufe bakinta a kan sunan. Al'ada ce da kowa ya sani: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Wasu matan sukan sassauta idan shekaru suka tura, amma Nana Hauwa ba ta cikinsu. Da aka yaye shi, Gwaggo Asabe, yayar babansa, ta goya shi zuwa Bodinga. Can ya tashi, can ya yi karatun allo, can ya yi aure. A bakin uwarsa sunansa "wancan", ran da ta ji daɗi ta ce "na Bodinga".

Kada wani ya ce ƙiyayya ce, mai faɗin haka bai san matan karkarar nan ba. Ba watan da zai wuce ba a kawo kwalbar man shanu daga Kajiji ba, da saƙon wai a ba Asabe, alhali duk dangi sun san Asabe ko warinsa ba ta so. Lokacin da ciwon shawara ya kwantar da shi yana saurayi, Nana Hauwa ta tako da ƙafa har bakin titi, ta hau mota ta zo, ta yi kwana uku a tsakar gida ba ta leƙa ɗakin da yake kwance ba, wai ta zo ganin Asabe ne. Lawali ya san duk wannan. Sanin bai rage masa komai daga abin da yake so ba.

Yana ɗan shekara tara aka kai shi Kajiji yawon salla. Da azahar ta sauke tukunya, ta ɗaga murya tana kiran ƙannensa maza su zo cin abinci. "Altine! Sha'aibu!" Muryar na ratsa danga har bayan gida, tana ja wa kowane suna wutsiya. Shi yana tsaye tare da su a gindin rumbu, ya kasa kunne yana jiran nasa. Sai ya ji ta ce wa Altine ƙasa-ƙasa, "Ka ce ma wancan shi taho." Ya zo, ya ci, shi aka ma fi cika wa nama. Amma tun ranar ya gane abin da ya rasa, har kuma furfura ta fara fito masa a gemu bai daina son ya ji yadda sunansa zai fito daga wannan bakin ba, ko sau ɗaya tak.

Ɗinki ya fara koya, allura ba ta karɓe shi ba. Ya koma cajin waya da tura wa mutane karatu da waƙoƙi. Wata rana Mijinyawa mai maganin ɓera ya zo cajin wayarsa da murya a dishe, ko gaisuwa da kyar take fita. Lawali ya ce masa in ya warke ya zo ya yi tallan sau ɗaya a ɗauka, lasifika ta riƙa yi masa sauran. Kafin wata ya zagayo rabin masu baro sun san hanyar gidansa.

Wurin da yake kira situdiyo tsohon ɗakin ajiyar buhuna ne. Sai ya jingina katifa a ƙofa, ya rataye zannuwan matarsa Hasiya a bango don kada murya ta yi amo, ya kashe fanka. Wanda ya shiga yakan fito kamar an tsamo shi daga rijiya. Hasiya ta daɗe da daina neman zanen fita a akwatinta, kai tsaye take zuwa ta cire a bango tana mita.

Makirfo mai tsada bai taɓa shiga hannunsa ba, kuma ba ya yarda a raina masa masu araha. Idan wani ɗan boko ya fara ba shi labarin irin na gidan rediyo, sai ya ce masa ya je ya tambayi ɓerayen Bodinga ko tallan bai kai musu ba. Na farkonsa mai igiya ne, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gyaɗa, ana maƙala shi a wuyan riga. Ya sa masa safar jaririyarsa don kada iskar baki ta riƙa bugunsa. Shekara shida yana aiki bai taɓa gardama ba. Aibinsa ɗaya ne, ba ya zaɓe. Duk abin da ya ji sai ya kwasa: injin niƙan maƙwabta, dakan Hasiya, tarin mai wucewa. Akwai tallan da zakaran gidan ya yi cara a tsakiyarsa, Lawali bai lura ba har aka kai kasuwa.

"Lawali, zakaranka ya hi ni suna," in ji Mijinyawa bayan kwana biyu. "Kowa yaz zo sai shi ce a ba shi na mai zakara. Kak ka kuskura ka hidda shi."

An yi dariya, amma abin ya tsaya wa Lawali a rai, don shi mutum ne mai son aikinsa ya fita tas. Saboda haka bara, da ya shiga Sakkwato, ya samo sabo. Shi ma mai araha ne, sai dai ba igiya: guda biyu ne a ɗan akwati, ɗaya a maƙala a riga, ɗaya a soka a gindin waya, mutum ya yi nisa kamar daga zaure zuwa ƙuryar gida ana ɗaukarsa. Yana da maɓalli a gefe, in ka danna fitilarsa ta koma kore, sai hayaniya ta ɗauke. Ya gwada shi injin niƙa na tsakar aiki, muryar Mijinyawa ta fito ita kaɗai kamar a daji yake. Lawali ya yi sati yana yabon abin nan har aka fara kauce masa a majalisa.

Da damina ta yi nisa, ƙanwarsu Zuwaira ta zo daga Shagari inda take aure. Ita ce auta, ita kaɗai ce ke hawa gadon Inna ta yi mata tsiya ta kwana lafiya. Ta ce Altine da Sha'aibu sun dame ta da kira. Suna can Legas shekara uku ba su zo gida ba, Inna kuma ko an kanga mata waya a kunne, daga "lahiya lau" sai ta miƙo.

"Cewa sunka yi a ɗauko musu muryatta tana sa musu albarka, kowa da sunanai, su riƙa saurare. Na lallashe ta, ta yarda." Ta dube shi ta gefen ido. "In ta ƙare da su, ni na san yadda za ni yi da ita."

"Kak ki takura ta, Zuwaira."

"Yaya, ai na san abin da kaka so. Tun ina ƙarama ni san shi."

Ya tashi ya hau gyaran katifar da ba abin da ya same ta.

Ranar tafiya ya ɗauko makirfon biyu ya ajiye a gabansa. Tsohon ya koɗe, safar ta yi baƙi da zufar wuyan 'yan kasuwa. Ya ga ba zai iya bari wannan abin ya taɓa mayafin Inna ba. Ga shi kuma gidan Kajiji ba ya rabo da kukan zabi da awaki. Ya share sabon da gefen rigarsa, ya cika shi da caji, ya sa a aljihu.

Hanyar ta jiƙe, babur na ta zamewa tsakanin gonakin gero da suka fi mutum tsawo. Ya ɗauki Zuwaira a Shagari, suka isa da hantsi. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin, bayan asabari, kamar yadda ya saba.

"Inna, ina kwana?"

"Lahiya. Ina su Hasiya?"

Iyakar rabonsa ke nan kullum, ya karɓa ya koma zaure. Ya danna maɓallin, fitila ta yi kore, ya miƙa wa Zuwaira ya ce ta maƙala kusa da wuya. Wayar tana hannunsa. Ba ya jin komai daga inda yake, sai wani ɗan zare a fuskar wayar da ke tsalle idan ana magana, ya kwanta idan an yi shiru. Ya zauna a kan buzu ya zuba masa ido. Zaren ya yi ta tsalle, ya daɗe yana yi. Can sai ya kwanta ya miƙe. Zaren ya ɗan motsa, sai ga Zuwaira ta fito idanunta jajur, ta sa masa makirfon a hannu ta juya ta koma cikin gida.

Bai saurara a Kajiji ba, kunya ba ta bar shi ba. Zuwaira ta ce za ta kwana, ya kamo hanya shi kaɗai. Kafin ya hau kwalta ya tsaya a gindin wata tsamiya, ya kashe babur, ya sa iyafis a kunne.

Muryar ta fito tas, ba zabuwa ba akuya. Bai taɓa jin Inna kusa haka ba, kamar kansa na kan cinyarta.

"Abinga na wa na?"

"Na Yaya na," in ji Zuwaira.

"Shina ji?"

"Shina zaure. Sai daga baya shi ji."

Ta yi gyaran murya ta yi bisimilla. Ta fara da Altine, Allah shi tsare shi inda yake, shi raba shi da abokin banza. Ta koma kan Sha'aibu, ta roƙa masa mata tagari, ta haɗa da faɗan ya rage zafin kai. Ta sa wa Zuwaira albarka. Ta bi jikoki ɗaya bayan ɗaya, har 'ya'yan Lawali, kowa da sunansa, tana ja musu wutsiyar nan da ya sani. Sai ta ce to, ta ƙare.

"Inna, saura guda."

"Ke, bari."

"Inna, don Allah. Shekara arba'in da ukku."

Daga nan sai shiru. Ba irin shirun ɗaki da ake jin numfashi da motsin zane ba, shiru ne kamar an toshe kunne da auduga. Ya daɗe. Sai muryar Zuwaira ta faɗo a tsakiya tana rawa, "Amin, Inna, amin." Ɗaukar ta ƙare.

Ya maimaita wurin ya fi a ƙirga. Ya ƙure ƙarar wayar, ya danne iyafis da tafin hannu. Ba komai. Ya ce a ransa to ta ƙi ke nan, dama me ya sa ya sa rai. Ya kira Zuwaira don ya ce mata kada ta damu.

"Ka jiya?" ta tambaya tun kafin ya yi sallama.

"In ji mi?"

"Yaya, ta hwaɗi! Ta ja mayahi ta ruhe huska, tac ce Muhammadu Lawali. Har sau biyu. Da raɗa ta yi, sai da ni duƙa kanta. Tac ce Allah shi sanyaya maka kamar yadda ba ka taɓa ɗaga mata murya ba."

Lawali ya zauna a kan saiwar tsamiya. Masu babur biyu sun tsaya suna tambaya ko mai ne ya ƙare masa, ya ɗaga musu hannu kawai.

A gida ya rufe situdiyo, ya kira Hasiya ya maƙala mata sabon makirfon da koriyar fitilarsa, ya ce ta yi raɗa. Ta yi. Ya saurara, ba komai. Ya maƙala mata tsohon mai safa, ta sake. Raɗar ta fito sarai, har da ƙarar haɗiyar yawunta. Sai a lokacin ya gane kuskurensa. Duk masu zuwa wurinsa masu ihu ne, 'yan talla da masu sanarwa da masu wa'azi, mutanen da ko gaisuwa suke yi sai an ji a layi na uku. Da su ya gwada abin, da su ya yabe shi. Bai taɓa maƙala shi a wuyan mai jin kunya ba. Shi kuwa maɓallin bai san uwa ba, bai san injin niƙa ba, duk abin da ya yi ƙasa hayaniya ne a wurinsa.

Ya kai wayar Sakkwato wurin wani mai haɗa waƙoƙi da kwamfuta. Mutumin ya buɗe, ya ja, ya faɗaɗa, ya nuna masa layi miƙaƙƙe. Ya ce da a hankali abin ya ɗauka da an ɗaga, to bai ɗauka ba sam, ba abin da za a ɗaga. Lawali ya yi godiya ya fito. Altine da Sha'aibu sun samu saƙonsu, suna ta kira suna yaba yadda muryar ta fita kamar a rediyo. Ya ce musu ai makirfon ne mai kyau.

Sati biyu yana aiki kamar wanda aka ara. A ƙarshe ya yanke shawara: abin da aka yi sau ɗaya ana iya sakewa. Zuwaira ta san bakin Inna, za ta ce ɗaukar ta lalace, a maimaita. Ya sa mai igiyar a aljihu, ya cire masa safar ya wanke, ya hau babur.

Ya tarar da Zuwaira a Kajiji, ba ta koma Shagari ba tun ranar. Tun a zaure ta tare shi, kafin ya gaya mata abin da ya kawo shi.

"Yaya, tun rannan Inna ba ta koma daidai ba. Da ni hito, jikinta rawa shikai, ko hura ba ta sha ba sai washegari. Tac ce ji ta yi kamar ta tuɓe cikin kasuwa. Amma ka san wani abu? Kwana ukku da sunka wuce ni ishe ta tana dariya ita ɗai. Tac ce ashe nauyi na ta ɗauka shekara da shekaru, yanzu ta sauke, ko yau ta mutu ta ba ka abinka." Zuwaira ta share ido da bakin mayafi. "Kullum sai ta tambaye ni ko ka jiya. Ni ko na ce sai ka taho da kanka."

Lawali ya tsaya, hannunsa a aljihu. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da abin da ya jira tun yana ɗan shekara tara. In ya ce bai ji ba, ya san Inna, za ta sake. Za ta ja mayafi ta rufe fuska, jikinta na rawa, ta sake ɗaukar abin da ta yi murnar saukewa, wannan karon kuma ta san ana jiranta da kunne. Yana son ya ji, Allah ya sani yana so, son bai taɓa yi masa zafi kamar na wannan lokacin ba.

Ya cire hannunsa daga aljihu, ya shiga cikin gida, ya durƙusa a bayan asabari. Yana hango ƙafafunta a kan tabarma, sirara, da tsohon lalle a farce.

"Inna, ina wuni?"

"Lahiya." Ba ta tambayi su Hasiya ba. Ta juya wajen Zuwaira da ke tsaye a gefe. "Ki tambai wancan, saƙon ya kai?"

Zuwaira ta dube shi. Bai bari ta buɗe baki ba.

"Ya kai, Inna. Na jiya."

"Dut?"

"Dut, Inna. Har sau biyu."

Ya ji ta sauke numfashi mai tsawo. Ƙafafun suka ja baya suka shige ƙarƙashin zane.

"To," in ji ta. "Madalla."

Ya ci gaba da durƙuso a wurin, kansa a ƙasa, har Zuwaira ta taɓa kafaɗarsa ta ce ya tashi ga fura an dama.